Bencin Baya

Tun ranar da Malam Gershon ya dawo daga taron bita a Kaduna, rataye da jaka mai tambari, zaman aji ya canja a makarantarsa. Ƙaramar makarantar kuɗi ce a bayan layin dogo a Kafanchan. Shi ne mai ita, shi ne hedimasta, shi ne kuma mai zagawa ya ga ko an kashe famfo. A wajen bitar aka gaya musu cewa bulala ta tsufa, yaron zamani da lada ake jan sa. Malam ya karɓi maganar hannu biyu, ya zo gida ya ƙara mata gishiri.

Ga yadda ya tsara abin. Kowace Juma'a a yi gwaji, ranar Litinin a raba wurin zama bisa maki. Mai maki da yawa ya zauna gaba, mai kaɗan ya ja baya, haka har a dangana da bango. Bencin gaba ya sa aka shafe shi da shuɗin fenti, ya raɗa masa suna Bencin Zakaru. Masu zama a kansa su ke kaɗa ƙararrawa, su ke ɗaga tuta, su ake miƙa wa biskit a gaban kowa da safe. Iyaye suka yi ta yabo. Wani ma a majami'a ya miƙe lokacin shaida ya ce ɗansa da ba ya taɓa littafi, yanzu sai an ƙwace masa.

Afiniki, 'yar Malam ta fari, tana aji biyar, kuma ba ta gani daga nesa. Ba makauniya ba ce, don ita ke zura wa uwarta zare a allura. Amma duk abin da ya wuce tsawon ɗaki sai gefensa ya narke, mutum ya koma launin rigarsa kawai. A da ba wanda ya lura, saboda gajera ce, a gaba ake ajiye ta, kuma a gefenta akwai ƙanwarta Irene, wadda aka tsallakar da ita aji har ta kamo yayarta. Afiniki ta kanne ido ta karanta manyan baƙaƙe, ƙananan kuma Irene ta raɗa mata. Da haka suke tafiya, kuma ba laifi, tana cikin masu ƙoƙari.

Juma'ar farko Malam da kansa ya tsaya a kan 'yan aji biyar, hannu a baya, ya ce duk wanda ya motsa leɓe ya faɗi. Tambayoyin suna kan allo da farin alli, rubutu ƙanana don su ishe shi. Afiniki ta kwafi uku a matsayin takwas, ta kwafi ɗaya a matsayin bakwai. Lissafinta ya fita daidai, sai dai ba lissafin da ke kan allo ba ne. Ranar Litinin ta ɗauki jakarta ta koma layi na uku, Irene ta hau shuɗin benci.

Daga layi na uku, allon ya zama baƙin bango da aka watsa wa gari.

Da yamma, Malam yana zaune a baranda da tuwon masara a gabansa, ta zo ta durƙusa a gefen tebur.

"Dadi, ba na ganin allo daga inda aka sa ni."

"To ki yi ƙoƙari ki dawo gaba."

"Ai sai ina gani zan iya."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko, ya ɗaga hannu a saitin fuskarta. "Yatsu nawa ne nan?"

"Uku."

"To. Ga ido yana aiki." Ya mayar da hannun cikin miya. "Na shekara nawa ina koyarwa, Afiniki? Babu uzurin da ban ji ba. Ciwon ciki, ciwon kai, kakata ta mutu. Yanzu kuma ido. Jiya da aka raba nama ai kin ga wanda ya fi girma."

Ta so ta ce hannunsa yana kusa, allo yana nesa. Amma ya riga ya sha mur, kuma a gidan Malam, in ya sha mur magana ta ƙare. Ta tashi ta kwashe kwanuka, ranta a ɓace, tana jin kamar ita ta yi ƙaryar.

Malam mutum ne da in ya ga abu yana aiki a makaranta, sai ya kawo shi gida. Ranar Lahadi bayan sujada a majami'a, matarsa Doreen ta saba dafa wa kowa ƙwai. Yanzu ya ce a daina. Biyu za a dafa, ɗaya nasa, ɗaya na wadda ta fi maki a satin. Ba talauci ya kawo haka ba, kajin gidan suna nan suna zuba ƙwai har ana kai wa maƙwabta. Shi dai ya ce abin da aka samu a banza ba ya koya wa yaro komai. Lahadin farko Irene ta ɓare nata ta raba biyu, ta tura rabi gaban yayarta. Malam ya sa cokali ya dawo da shi.

"In kika ba ta, kin cuce ta," ya ce. "Yunwar abin ce za ta tashe ta."

Yunwar ba ta tashe ta ba. Sati ya bi sati, Afiniki tana ja da baya. Darasi na kan allo, aikin gida na kan allo, gwaji na kan allo. Takan kanne ido har goshinta ya ɗauki zafi, hawaye ya zubo ba don kuka ba. Ta koyi kwafa daga littafin na kusa da ita, amma a layin baya na kusa da ita ma bai gane ba, kuskurensa take kwafa ta ƙara da nata. In an tashi, kanta na sara kamar ana daka a ciki. Yarinyar da a da bakinta ba ya rufuwa a gida, yanzu sai ta shige ɗaki ta kwanta da yunifom.

Malamar ajinsu, Malama Fidelia, matashiya ce 'yar gidan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Malam bai daɗe da ɗaukarta aiki ba. Ita ta fara lura. Wata Laraba ta ga Afiniki ta ja fatar gefen idonta da yatsa tana leƙen allo, sai ta ce ta ɗauko jakarta ta tsuguna a gaba, kusa da teburinta. Ranar Afiniki ta amsa tambaya har sau biyu, cike da murna. Ba a kai ga tashi tara ba inuwar Malam ta faɗo ta taga.

Ya kira malamar waje, amma bai rage murya ba, duk aji na ji.

"Wa ya ba ki izini ki taɓa mini tsari?"

"Sa, yarinya nan ba ya gani. Na duba shi tun las wik. In yana gaba, yana ansa."

"Kowa ma in ya zo gaba zai amsa. Shi ya sa gaba take lada. Kin san abin da iyaye za su ce? Su ce 'yar hedimasta ta faɗi amma an ɗauko ta an kawo gaba, nasu suna baya. Kina so ki rufe mini makaranta?"

"A'a, Sa."

"In ba ki iya bin ruls, masu neman aiki suna nan cike da gari."

Malama Fidelia ta dawo aji ba ta kalli kowa ba. Ta ce, "Afiniki, koma wurinka." Tun daga ranar ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai takan ƙara girman rubutunta a allo, har wata rana Malam ya ce tana ɓarnar alli.

Saura uwa. Ranar Asabar Doreen ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta a tsakar gida tana mata kitso, sai Afiniki ta ga dama ta samu.

"Momi, ki kai ni a duba mini ido."

"Tsaya da kanki."

"Doreen ɗin ajin shida tana da gilas, ta ce tun da ta sa take ganin komai."

"Takwarata? Ai ita ubanta ma haka yake. Mu a danginmu babu makafi, a na Dadinku ma babu." Ta ja gashin da ƙarfi. "Gilas ga ƙaramar yarinya, in kin fara sawa ido zai shige ciki, ba fita. Ki girma ana kiran ki mai ido huɗu. Ke dai kina manna littafi a fuska, shi ne matsalanki."

"Don in gani ne nake mannawa."

"Kuma in na kai ki, Dadinku zai ce na goya miki baya a kan ƙarya. Kin san halinshi. Kina so gidan nan ya kama wuta saboda ke?"

Afiniki ba ta so gida ya kama wuta, sai ta tsayar da kanta aka ƙarasa kitson. Da yamma uwar ta dawo daga kemis da wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa, irin na jan ido, ta ɗiga mata, ta yi mata addu'a da sunan Yesu, ta ce an gama. Maganin ya yi yaji, allo ya zauna yadda yake.

Kada a ce Doreen ba ta son 'yarta, tana so. Amma akwai abin da ya fi mata daɗi a kwanakin nan. Tun haihuwar fari, Maman Afiniki ake kiran ta a unguwa da wajen zumuntar mata. Da sunan Irene ya fara yawo a bakin iyaye, cewa ba ta taɓa sauka daga shuɗin benci ba, sai wasu suka koma kiran ta Maman Irene. Farkon lokaci takan gyara musu. Daga baya ta daina. Afiniki tana wanke-wanke a bakin rijiya ta ji wata maƙwabciya ta yi sallama da sabon sunan, ta ji uwarta ta amsa da fara'a. Wannan ya fi ƙwan yi mata ciwo.

Da ta ga babu mai fitar da ita, sai ta nemi hanya da kanta. Kwandon shara yana gaba, dab da allo, kuma an yarda yaro ya je can ya fiƙe fensir. Juma'ar da ta biyo baya ta danna bakin fensirinta a benci ya karye, ta ɗaga hannu, ta je ta tsaya a kan kwandon tana fiƙewa a hankali, idonta a kan allo. Ta haddace tambaya biyu, ta dawo ta amsa. Ta sake karya shi, ta sake zuwa. Kafin a karɓi takarda fensirin ya koma guntu, amma ta amsa fiye da rabi, kuma duk daidai.

Ranar Litinin aka matsar da ita gaba da layi biyu. Malam ya dube ta a gaban yara, bakinsa har kunne.

"Kun gani? Wannan 'yata ce, ban yi mata alfarma ba. Ta ce ba ta gani, yau ga shi ta gani. Lada ne ya buɗe mata ido."

Yara suka tafa. Afiniki ma ta yi murmushi, don rabon da uban ya kira ta 'yarsa a gaban mutane har ta manta. Ta sa a ranta, in ta ƙara sati biyu haka za ta kai inda take gani, daga nan ba ta buƙatar dabara.

A satin ne Malam ya ƙaro wani lada. Ya ce ya ji ana satar amsa, don haka duk wanda ya kama mai sata ya faɗa, za a liƙa masa tauraro na takarda mai ƙyalli a ƙirji, ya yini da shi, ya je gida da shi. Kafin Alhamis yarinyar da ke zama kusa da Irene ta samu biyu, tana ta juya kafaɗa don rana ta haska su. Irene kuwa ba ta da ko ɗaya, kuma ita ba ta saba a ba wani abin da ba a ba ta ba. Wa ya koya mata haka? Ba da shi aka haife ta ba.

Ranar Juma'a Afiniki na tsaye a kan kwando karo na biyu, sai ta ji murya daga shuɗin benci, muryar da ta fi sani a duniya.

"Sa, Afiniki tana karya fensir da gangan. Tana zuwa leƙen amsan 'yan gaba."

Duk aji ya juyo yana kallonta. Malam ya tako ya karɓi fensirin, ya juya shi, ya ga guntu ne. Ya je bencinta ya tarar da karyayyun bakunan fensir a ƙasa.

"Da gangan kike karyawa?"

"E, Sa. Amma allo nake..."

"Ta amsa da bakinta." Ya ɗauki takardarta ya yaga biyu. "A makarantata, 'yata."

Bai doke ta ba, ai bulala ta tsufa. Ya mayar da ita benci na ƙarshe, na jikin bango, inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Ya liƙa wa Irene tauraro da hannunsa. Irene ta san me yayarta ke kallo a gaban nan, ta sani sarai. A hanyar gida ta yi ta bin bayan Afiniki tana jan ƙafa, ta ɓalle tauraron ta cusa a aljihu, amma da suka iso ƙofa ta tuna uban zai tambaya, sai ta mayar.

A ranar, yana shigowa gida, Malam ya yanke hukunci, a tsaye, ko takalmi bai cire ba. In zangon nan ya ƙare Afiniki tana bencin baya, za ta tafi ƙauye wajen kakarta a bayan Kachia, ta taya ta aikin citta. Ba makaranta sai ta yi hankali.

"Ba kowa aka yi don biro ba," ya ce. "In ta sha wankin citta da yanka, da kanta za ta roƙi littafi."

Doreen ta ce, "Dadi, ai yarinya ce," a hankali, kamar mai tsoron a ji. Ya kalle ta, ta koma kicin.

Daga bencin baya ko fuskar Malama Fidelia ba ta rarrabewa. Ta daina kanne ido, don babu amfani. Takan zauna da fensir a hannu tana sauraren ƙarar alli, tana ƙoƙarin gane me ake rubutawa daga sautin, har ta gaji ta kifa kai. Tsoron ƙauyen ya hana ta cin abinci. Ba aikin take tsoro ba, ta iya aiki. Ta san 'yan matan da aka kai gona don su yi hankali, ba ta san ko ɗaya da ta dawo aji ba.

Ana cikin haka, wata Lahadi magatakardan ikilisiya ya karanta sanarwa. Likitocin ido daga wani asibitin mishan za su zagaya makarantu, su duba yara kyauta, wanda ke buƙatar gilashi a ba shi. Makarantar Malam Gershon tana cikin waɗanda za a je. Afiniki na zaune cikin yara, ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ba sai ta roƙi kowa ba, ba sai gida ya kama wuta ba. Likita zai faɗa da bakinsa, kuma Malam yana girmama mai satifiket. Kwanakin da suka rage, addu'arta ɗaya ce, safe da yamma.

Suka zo da farar bas, da kwalaye. A cikin kwalayen akwai huluna masu tambarin asibitin da lemon kwali, na duk yaron da aka duba. Shugabarsu, wata dattijuwar likita mai furfura, ta gaisa da Malam ta ce sun makara, kuma ana jiran su a Gwantu kafin azahar.

"Ba za mu iya ganin kowa ba, Malam. Kai ka san yaranka. Ka zaɓo mana."

Malam ya dubi hulunan, ya dubi lemon, ya dubi mai ɗaukar hoto da suka zo da shi. A wurinsa wannan ba tambaya ba ce. Abu mai daɗi ya shigo makaranta, kuma a makarantarsa an san masu cin abu mai daɗi. Ya sa aka jero 'yan bencin gaba da na bayansu daga kowane aji, tsaf-tsaf, safa fara. 'Yan baya kuma ya raba musu aiki, wasu su kwaso kujeru, wasu su tsince ledoji a fili.

Afiniki aka ce ta kai wa baƙi ruwan wanke hannu. Ta ɗauko roba cike, ta shiga ajin da aka mayar ɗakin dubawa. A bango an rataye farin kwali mai baƙaƙe, an ja layi da alli a ƙasa inda yaro zai tsaya. Irene ce a kan layin, hannu ɗaya a ido, tana karantowa har ƙasa ba ko tuntuɓe. Afiniki ta ajiye ruwan, ta matsa ta tsaya a bayanta, ta ɗaga kai. Harafin sama kaɗai ta gani, shi ma da ƙyar. Sauran duk toka ne.

Ta tako gaban teburin likitar.

"Anti likita, don Allah, ni ma..."

"Afiniki." Malam ne a bakin ƙofa. "Ruwa aka aike ki."

Likitar ta ɗago daga rubutun da take. "Ita ma tana layi ne?"

"A'a, Dakta, ba ta ciki. Ita ma 'yata ce. Ga ɗaya nan kun duba, in na sa biyu, sai a ce hedimasta ya cika layi da 'ya'yansa."

"Kai, Malam, da kowa haka yake da ƙasar nan ta gyaru," in ji likitar. Ta yi wa Afiniki murmushi. "Na gode da ruwa, 'yata." Ta kira na gaba.

Malam ya dafa kafaɗar Afiniki, a ido kamar lallashi, amma yatsunsa sun nutse. Ya fitar da ita har baranda, ya nuna mata bokiti. Malama Fidelia na tsaye a wurin tana tsare layi, ta ji komai, ta sunkuya tana gyara wa wani yaro kwala.

Kafin su tafi aka tara makaranta duka. 'Yan gaba sun sa huluna, suna zuƙar lemo. Likitar ta ce ta yi mamaki, ta zaga makarantu da yawa, amma nan ce kaɗai ba ta sami ko yaro ɗaya mai matsalar ido ba a cikin waɗanda ta duba. Aka tafa, aka ɗauki hoto. Kwalin gilasan ya koma cikin bas ko buɗe shi ba a yi ba. Afiniki na can baya da bokiti, ta ji tashin motar, ta ga farin abu yana ƙanƙancewa a bakin get.

Da yamma Malam ya kira ta gaban uwarta.

"Kin ji da kunnenki. Babu mai ciwon ido a makarantata. Likita ce ta faɗa, ba ni ba."

"Ai ba a duba ni ba, Dadi."

"An duba Irene. Uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya. Ido naki daga ina aka kawo shi?"

Ta juya wajen uwarta. Doreen tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. "Ki daina jayayya da Dadinki," ta ce.

Daga nan Afiniki ba ta ƙara maganar ido ba. Jarrabawar ƙarshen zango ta zo, ita ma a kan allo, Afiniki ta rubuta sunanta a saman kowace takarda, da kyakkyawan rubutunta, ta zauna har a karɓa.

Abin baƙin cikin shi ne babu wanda ya kwana da nauyi a zuciya. Malam ya yi adalci, bai fifita 'yarsa ba, har ƙungiyar masu makarantu ta gayyace shi ya koya wa wasu tsarin. Doreen ta kiyaye zaman lafiyar gidanta. Malama Fidelia ta riƙe aikinta, likita ta duba waɗanda aka kawo mata. Kowa da hujjarsa, kuma in ka zauna da shi zai faɗa maka ita har ka gyaɗa kai. Tsarin bai ƙi Afiniki ba, bai ma san da ita ba. Ya ɗauki abin da yaro ke buƙata don ya koya, ya mayar da shi kyautar wanda ya riga ya iya, ya bar sauran su yi ta ja da baya har bango ya tare su.

Bayan Kirsimeti Doreen ta raka ta tasha. Malam bai zo ba, yana wajen taron masu makarantu. Irene ta ƙi fitowa daga ɗaki. Uwar ta damƙa ta a hannun direban motar Kachia, ta faɗa masa mahaɗar da kakar za ta jira, ta gyara mata ɗankwali.

"Ba daɗewa za ki yi ba. In ya huce zan yi mishi magana. Ki yi wa Kaka biyayya, kin ji?"

"Na ji, Momi. Kar ki tafi sai mun tashi."

"Ina nan."

Aka cusa ta a kujerar baya, jikin taga, kusa da wani buhu da wata mata mai goyo. Motar ta daɗe ba ta cika ba. Rana ta yi zafi, Doreen ta matsa ƙarƙashin wata bishiya a ɗaya gefen, ta tsaya can riƙe da jakarta. Da direba ya tayar da mota, Afiniki ta manna fuska a gilashi tana nema. Tashar cike take da launuka masu motsi, babu fuska ko ɗaya. Uwarta jan zane ta ɗaura. Can ta hango ja a tsaye kusa da inda suka rabu, sai ta zura hannu ta taga ta hau ɗagawa da duk ƙarfinta. Mai jan zanen wata mai tallar ayaba ce, tana ba wani canji.

Doreen na ƙarƙashin bishiya da hannu a sama, tana kallo 'yarta ta juya mata ƙeya har motar ta wuce ta. Ta sauke hannun a hankali, ranta ya sosu. Ta tare keke ta nufi gida, tana shirya yadda za ta gaya wa Malam cewa gaskiyarsa ne, yarinyar nan zuciya gare ta, ko kallonta ba ta yi ba.

Afiniki kuwa, har motar ta haye layin dogo ba ta sauke hannu ba.